Rigar da Momo Isireli Ya Yaba

Ku da kuka cika min waya da "Miliakere, ya aka ƙare da baikon?", ga ni na zo, ku yi haƙuri. Ba jan aji nake yi ba. Tun ranar Talata duk lokacin da na ɗauki wayar zan rubuta sai idona ya cika, in kife ta a kan filo. Ke kuma da kika dame ni da tambayar kalar ankon biki, riƙe kuɗinki tukuna 'yar'uwa, kada tela ya ci banza.

Saboda sababbin shigowa, bari in ɗan koma baya.

Wana ɗaya ne a duniya, Sakiusa. Shi ne mai lamba uku a ƙungiyar zari-ruga ta yankinmu, cikin ƙartin nan na gaba da suke haɗa kai da kafaɗa su yi ta ture. Bara waccan a filin Nausori aka haɗa kai, turen ya rushe, kowa ya miƙe yana karkaɗe laka ban da shi. Tun ranar, daga wuyansa zuwa ƙasa babu abin da yake motsi. Mutumin da yake saɓo buhun gwaza daga gona yana waƙa, yau sai an kore masa ƙuda daga fuska. Yana ɗakin baya a kwance, abin kallonsa rufin kwano da ɗan reshen mangwaro ta taga.

Kun kuma san tsakanin wa da ƙanwa a wajenmu. Tun da na fara zama budurwa ba mu ƙara magana baki da baki ba, ba na shiga ɗakinsa, ba na taɓa jikinsa ko tufafinsa. Nana, mahaifiyarmu, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, har bayanta ya fara ranƙwafewa. Ni iyakata bakin labule. In ajiye kwano in ce, "Nana, a gaya wa na ciki abinci ya sauka," shi kuma ya ce, "Nana, a ce mata an gode," alhali Nanar tana can bakin kogi tana wanki. Ina jin tarinsa ta bango, ba ni da ikon miƙa masa ruwa. Abin nan ya ci ni ya cinye, har sai da na samu abin da zan iya yi masa da hannuna.

Akwai wata gidauniya a Suva mai taimakon 'yan wasan da suka karye a fili. Shugabarta Madam Sarojni, wata siririyar mata mai gilashi da ba ta iya zama wuri ɗaya, ita ta ba ni shawarar.

"Baƙin nan ba sa ba da sadaka haka kawai, 'yata, sai sun ga abin ratayawa a falo. Samo farar rigar 'yan wasan ƙasa, ki cika min ita da sa hannun manyan 'yan wasa, na da da na yanzu, mu kai ta gwanjon shekara a otal. In ta yi kuɗi, keken farko na yayanki ne."

Keken da take nufi irin mai batir ɗin nan ne da ake tuƙawa da haɓa. Da shi Sakiusa zai fito tsakar gida da kansa, ya je coci, ya je bakin fili ya zagi alƙalin wasa kamar kowa.

Abin da na sha a kan rigar nan Allah kaɗai ya sani. Albashina na kantin magani a kuɗin bas ya ƙare. Na yi tsayuwar filin jirgi har ƙafata ta kumbura. Na bi wani har makokin kakarsa, na shiga cikin mata na sha kuka a kan tsohuwar da ban taɓa gani ba, sai da aka watse na zaro masa alƙalami. Matar wani ta ɗauka budurwarsa ce ni, ta biyo ni da tsintsiya har titi. Wani ya sa hannu ya ƙara da ayar Zabura, wani kifi ya zana wai shi hannunsa kenan. Na ƙarshe shi ne tsoho Vilikesa, wanda iyayenmu suke ba da labarin gudunsa. Can cikin duwatsun Naitasiri na same shi, ido ya tafi, sai da na riƙe masa hannu na ɗora a kafaɗar rigar. Bayan Ista ya rasu. Don haka masu shirin ce min "ai sai a sayi wata rigar a sake", ku fara tono min tsoho Vilikesa.

A wannan yawon na haɗu da Kalivati, a tudun yashin Sigatoka inda ake kai 'yan wasa su yi ta hawa har su yi amai. Ina tsaye rungume da leda sai ga wani dogo ya gangaro, wando duk yashi, haƙorin gaba ɗaya babu.

"Kawo in sa miki."

Na dube shi sama da ƙasa. "Kai wa?"

"Kalivati. Lamba sha ɗaya."

"A wace ƙungiya?"

Ya faɗi sunan wata ƙungiyar ƙauye da ko a rediyo ban taɓa jin ta ba.

"Bawan Allah rufa min asiri, kada ka karya min farashi."

Abokansa suka kwashe da dariya, shi ko a jikinsa. Ya ce to tunda ba a son hannunsa, ko ana son direba? Daga ranar shi yake kai ni ko'ina a a-kori-kurar kawunsa, Momo Isireli. Momon nan yayan mahaifiyarsa ne, shi ya riƙe shi tun babansa ya rasu, yana da motocin haya da babbar rumfar shan yangona a Nausori, inda maza ke zagaye akushi su sha ruwan saiwar nan su yi ta musun ƙwallo.

Ban san ranar da na fara son Kalivati ba. Ina zaton ranar da ya shiga ɗakin baya da reza ya yi wa Sakiusa aski, suka kaure da gardamar wani tsohon wasa, har na ji dariyar yayana ta bango. Rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi. Na shiga kicin na kunna famfo don kada a ji kukana.

Da maganar ta kai gida, murna kamar a goya shi. Nei Torika, ƙanwar babana, dama ta daɗe tana min gori: "Kin doshi talatin kina yawo da riga a leda kamar dillaliya. Sa'anninki suna yaye na uku." Aka sa ranar Talata mutanensa za su kawo tabua su nemi aurena. Wanda ya san darajar tabua, haƙorin babban kifin nan na teku, a wajenmu ya san ba wasa aka zo yi ba.

Tun Litinin gida ya hargitse. An shimfiɗa sababbin tabarmi masu bakin ulu ja da ruwan ɗorawa, an canza labule, an tona ramin gasa nama a bayan gida, ga kifi da madarar kwakwa, ga ganyen gwaza, ga rogo tuli. Nana kuwa ta yi abin da kowace mace mai hankali take yi in manyan baƙi za su zo: ta kwashe butar lantarki, da fanka, da agogon bango, ta kai maƙwabta ajiya. Ai kun sani, baƙo ya buɗe baki ya yaba abu a gidanka, ya zama nasa. Ni ma rigar tana can ƙasan akwatina cikin leda biyu, na ɗora zanin gado a kai. Ranar Juma'a zan kai wa Madam, gwanjo Asabar.

A gidan Nei Torika aka shirya ni. Riga da zani shuɗi mai fararen furanni, hannun rigar da leshi, an taje min gashi ya tashi ɓam, an shafe ni da man kwakwa mai ƙamshi har ina ƙyalli, ga fure a bayan kunne. Ina zaune saƙon Kalivati ya shigo.

"Mun iso. Zanin da Momo ya ara min ya yi min yawa, in na miƙe zai faɗi."

"Ka riƙe shi da haƙorin da ya rage."

"Muguwa. Gabana faɗuwa yake."

"Nawa ma."

Aka aiko in zo. Na shiga falo a durƙushe, kaina a ƙasa, na zauna kusa da Nana. Sai da na ɗan saci kallo don in ga inda Kalivati yake, idona ya sauka a bango.

Rigar ce. A inda agogo yake, a jikin hanga, an baza ta sosai kowane suna ya fito.

Jama'a! Na taɓo Nana da gwiwar hannu, ta yi min murmushi ƙasa-ƙasa irin na "kin ga yadda na gyara miki?" Ba halin magana, dattijon da ke magana da yawunsu ya riga ya durƙusa da tabua a hannu yana jero sunayen kakanni. Tata, mahaifina, ya juyo ya tambaye ni ko na yarda. Na ce na yarda, da gaskiyata kuma na faɗa. Ya karɓa, aka tafa hannu, mata suka fara sharar hawaye. Ni kuwa addu'a ɗaya nake yi a raina: Allah ka sa kada kowa ya ɗaga kai.

An fara zagaya ƙoƙon yangona kenan Momo Isireli ya jingina da bango ya miƙe ƙafa ɗaya. Ƙaton mutum ne mai gajeren wuya, maɓallan rigarsa mai furanni suna neman tsinkewa a ciki. Ya shanye ƙoƙonsa, ya goge baki, ya ɗaga kai.

"Kai, kai, kai! Wannan ce rigar da motata ta ƙare taya a kanta?"

Aka yi 'yar dariya.

"Ashe haka ta yi kyau. Tsaya, wancan na kafaɗa ba hannun Vilikesa ba ne? Allah sarki! Ni fa ina yaro na taɓa riƙe masa takalmi." Ya girgiza kai. "Riga kam ta yi kyau. Ta yi kyau ƙwarai. Irin wannan a ce tana rataye a rumfata, mutane suna shigowa suna gani..."

Ya bar maganar a nan. Falon ya yi tsit, har ƙarar mai a kaskon kicin ana ji.

Na kalli Tata. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kalli tabua da ke gabansa, ya kalli bango, bai kalle ni ba. Sai ya ja gwiwa yana neman gafarar waɗanda zai miƙe a kansu, ya sauke rigar, ya ninke ta, ya miƙa da hannu biyu.

"Ba wani abu ba ne, tsumma ne. A yi haƙuri da ƙanƙantarsa."

"A'a, a'a, ni fa ba roƙo na yi ba," in ji Momo, hannunsa kuwa ya riga ya kai.

Aka tafa. Na nemi idon Kalivati, kansa yana ƙasa yana tsinkar ulun tabarma. Haka na zauna da fure a kunne ana ci ana sha ana yi min barka, har na ga rigar ta fita ƙofa a hammatar Momo Isireli.

Motarsu ba ta gama juyawa ba na fashe.

"Tata, ba tamu ba ce! Ta gidauniya ce! Keken Sakiusa ne ka ninke ka bayar!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba!"

"To me kike so in yi?" in ji Tata. "Mutum ya shigo gidana da tabua, ya yaba abu a gaban danginsa da nawa, in ce masa ya haɗiye maganarsa? Gobe da wace fuska zan zauna a taron gari?"

Nei Torika ta taɓe baki tana kwashe kwanuka. "Ikon Allah. An ba ki miji kin tsaya kukan riga."

Na juya kan Nana. "Ke kuma wa ya aike ki akwatina? Kin ɓoye buta, kin ɓoye fanka, sai abin da ya fi komai kika rataye?"

Ta zauna daɓas a kan tabarma, ta rufe fuska da gefen zaninta. "Bangon ne ya yi fayau. Kuma so na yi su gani. Kullum ana cewa 'yata yawon banza take. Na ce bari su ga abin da ta yi wa ɗan'uwanta."

Kun ji fa. Ta ina zan fara faɗa da wannan? Na shige ɗaki na kwanta da kwalliyata.

Washegari da safe Madam Sarojni ta kira, murya cike da murna. An buga hoton rigar a takardar gayyata, wani attajiri zai taso daga Sydney musamman saboda hannun Vilikesa, har ta yi magana da masu kawo keken. "Juma'a fa, 'yata, don a sa ta a gilashi." Na ce, "To Madam." Bakina ya kasa faɗin sauran.

Ina tsaye a kanti ina ba wata tsohuwa maganin tari dabara ta faɗo min. Kalivati ai vasu ne a gidan Momo, ɗan 'yar'uwa. Ɗan 'yar'uwa kuwa ko alade ya shiga ya kama a gidan kawunsa, ko kwalekwale ya kwance, ba mai cewa don me. Nan take na rubuta masa.

"Kai vasu ne. Shiga ka ɗauko."

Ya karanta. Shiru.

"Kalivati."

"Ina gani."

"Kana gani me? Haƙƙinka ne. Ko shi bai isa ya hana ba."

"Mili, wannan a baki ne yake da sauƙi. Mutumin nan shi ya yi min komai."

"Ni kuma yayana fa?"

Sai bayan azahar ya turo hoto. Rigar a rumfar Momo, an kafa ta da ƙusa a saman akushin yangona, hayaƙin sigari ya turnuƙe wurin, wani mai jiƙaƙƙen hannu yana nuna wani suna da yatsa har yana taɓawa. Saƙon murya ya biyo baya, na shiga bayan kanti na saurara.

"Na yi masa magana. Na gaya masa ta marasa lafiya ce, ya ce ai shi ma hawan jini gare shi. Ya ce ni ɗan 'yar'uwarsa ne, in na ɗauka ba zai riƙe min hannu ba. Amma duk Nausori ta zo ta gani, in na cire ta na tsinka shi a gaban mutane. Tabua da aka kai gidanku tasa ce, ya ce zai aika a karɓo abarsa, in ajiye masa makullin mota, in nemi wurin kwana." Ina jin numfashinsa. "Ke za ki faɗa, Mili. Abin da kika ce shi zan yi."

Wallahi haushinsa na ji. Da ya ce ba zai iya ba, da na samu wanda zan tsana. Da ya je ya ɗauko bai tambaye ni ba, da na samu wanda zan gode wa. Sai ya tattaro kayan duka ya ɗora min a ka.

Kafin in koma gida maganar ta riga ni, don a garinmu ko tari ka yi a Nausori sai an yi maka sannu a ƙauye. Na tarar da su a falo sun yi jugum. Nei Torika ce ta fara.

"Tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa mayar da tabua ba. Ba a kanki za a fara ba. Kina so a riƙa nuna ubanki da baki a coci? Wa zai ƙara tako ƙofar nan neman aure, naki ko na 'ya'yana?"

Tata yana ta murza hularsa. Nana ta kamo hannuna. "Ki yi haƙuri 'yar nan. Allah zai kawo wani keken ta wata hanya."

"Ta wace hanya, Nana?"

Ta saki hannuna.

Ranar Alhamis ban je aiki ba. Da rana kowa ya fita, na dafa rogo da miyar kifi na kai bakin labule na ajiye.

"Nana, a gaya wa na ciki abinci ya sauka."

"Miliakere."

Na daskare a tsugune. Sunana ne, a bakinsa, ba ta hannun kowa ba. Rabon da in ji haka tun ina 'yar firamare yana goya ni mu haye kogi.

"Nana, a ce masa..."

"Nana ba ta nan. Da ke nake." Muryarsa ta yi ƙasa, sai ya huta kafin ya ci gaba. "Bangon nan ba shi da kauri, na ji komai. Ki bar rigar."

Na toshe bakina da hannu.

"Keke ba zai tashe ni ba. Na saba da rufin nan, har na san inda yake yoyo. Ki dubi bayan Nana. In kika zauna a gidan nan, haka naki zai koma, kuma ke ko juya ni ba ki da ikon yi. Yaron nan yana son ki. Shi kaɗai yake shigowa nan bai yi min kallon gawa ba."

"Kai ka ce kana son ganin fili," na faɗa. Ban ma san na yi masa magana kai tsaye ba sai da ta fita.

"Na faɗa ne don ki samu abin yi."

Masu karatu, an sha gaya min magana a rayuwa, amma ba wadda ta taɓa yi min ciwo irin wannan. Iska ta ɗan ɗaga labulen, na hango ƙafafunsa a ƙarshen katifa. Ƙafafun da ake tsoro a duk yankin nan sun koma kamar na yaro, fatar ta yi fari-fari. Na gane ba haƙuri ya yi ba. Ya fid da rai ne, yana kwance yana jiran ranarsa, yana so ya ga an kawar da ni kafin ta zo. Ban yarda da maganarsa ba, don na sha jin yadda yake yin tsit in yara suna wasa a filin makaranta, yana bin ihunsu da kunne.

Na koma ɗaki na ɗauki waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Na tuna hannun Kalivati a kan sitiyari, da yadda yake rage gudu in na yi barci a hanya. Ina son sa, kada wata ta ce min ba na son sa. Na tura masa kalma biyu.

"Ɗauko ta."

Ya amsa, "To."

Yau Juma'a da hantsi ina shanya a tsakar gida tasi ta tsaya a ƙofa. Tasi fa, ba a-kori-kura ba. Kalivati ya fito da jakar goyo a baya, idonsa jajir, rigar a ninke a hannunsa. Bayansa dattawa biyu na gidan Momo suka fito cikin baƙaƙen zannuwa, fuska ba annuri, ko kallona ba su yi ba suka wuce bakin ƙofa suka zauna a ƙasa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta tagogi.

Ya miƙo min. Warin sigari take yi, ga hudar ƙusa a wuya, amma sunayen suna nan.

"Ban ce na fasa ba," ya ce a hankali. "Sai dai yanzu ba ni da tabua, ba ni da mota, ba ni da ɗaki. Ban san da me zan dawo ba."

Kafin in buɗe baki Tata ya fito. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar ya tsufa a dare ɗaya.

"Miliakere. Abin da na bayar da hannuna ba zai sake shiga gidan nan ba. In kin karɓa, ki wuce da ita, ke da ita."

Nana ta fashe da kuka daga kicin. Nei Torika tana cewa, "Mayar masa! Ke, mayar masa mana!" Na kalli tagar ɗakin baya, ba abin da ake gani sai labule.

Na karɓa.

Da silifas ɗin wanki na fito, da zanin da ke jikina, ko jaka ban ɗauka ba. Da na waiwaya daga titi na hango Kalivati durƙushe a gaban dattawan, Tata kuma yana fitowa da tabua a hannu, kansa a sunkuye. Wata maƙwabciya ce ta biyo ni da gudu ta damƙa min kuɗin bas, ta juya.

Yanzu haka ina zaune a kan benci a tashar Suva, rigar tana kan cinyata. Ofishin Madam Sarojni yana tsallaken titi, ina hango ƙofarsa, ta kira ni har na gaji da kashewa. Na kai awa nawa a nan ban sani ba. Da na sauka daga bas niyyata in tsallaka kai tsaye, sai wayata ta yi ƙara. Nana ce, ita da ba ta iya rubutu a waya ba sai ta yi ta kuskure.

"Ya rufe bakinsa. Ya ki abinci ya ki ruwa ya ki magani. Yace ba zai kara hadiye komai ba sai kin mayar da rigar an dawo da tabua. Kin san halinsa. Mili ki zo."

Na san halinsa. Bakin nan shi kaɗai ya rage masa da yake iya juyawa yadda ya so, kuma tun yana yaro bai taɓa cewa zai yi abu ya fasa ba.

Ga bas ɗin Nausori can yana lodi, yaron mota yana ta kiran fasinja. Ga Madam ta fito bakin ƙofa tana dube-dube, hannu a goshi. Ta gan ni.